Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Damfarar 'Yan Kasuwa da Alƙawarin Hawa Layin Farko a Google

A 'yan shekarun nan, da wuya ka sami mai sana'ar da ya buɗe shafin intanet bai ci karo da irin wannan saƙo ba. Mai otal ne a Kaduna, ko mai makarantar kuɗi a Zariya, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya biya aka yi masa shafi don masu sayen atamfa da shadda daga nesa su riƙa samunsa, ba a rufa wata guda sai saƙo ya shigo ta imel ko ta WhatsApp daga wanda bai taɓa sani ba. Saƙon kan fara da gaisuwa da ladabi, sannan ya ce an duba shafin an tarar da kurakurai masu yawa, shi ya sa ba ya fitowa idan mutane sun yi bincike a Google. Sai kuma albishir ya biyo baya: a biya kuɗi kaza, cikin kwana 30 shafin zai hau layin farko, kuma an ba da tabbacin hakan. Sau da yawa akan haɗo da takarda mai shafi biyar ko shida, cike da jajayen alamomi da lambobi, da tambarin Google a samanta, ta yadda mai karantawa zai ji kamar kasuwancinsa na gab da rushewa idan bai yi maza ba.

Aikin da ake tallatawa a cikin saƙon aiki ne na gaske, kuma masu fasaha sun san shi da laƙabin SEO. Shi ne gyara shafin intanet da inganta abin da ke cikinsa domin manhajar bincike ta gane shi, ta nuna shi ga masu neman irin hajarsa ba tare da an biya kuɗin talla ba. Akwai ƙwararru masu gaskiya da ke cin halal ɗinsu da wannan sana'a, kuma akwai kasuwancin da ya bunƙasa ta dalilinsu. Matsalar ita ce sana'ar ta cika da masu romon baka, kuma mai biyan kuɗin ba shi da ilimin da zai tantance na gari da mugu. Abin da wannan rahoto ke son tabbatarwa guda ɗaya ne: duk wanda ya ba ka tabbacin matsayi a sakamakon bincike yana sayar maka da abin da ba nasa ba ne, kuma ba shi da ikon miƙa maka shi. Bahaushe ya daɗe da hana cinikin biri a sama, malaman fiƙihu kuma sun sanya irin wannan ciniki a babin garari. Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai gane mafi yawan damfarar da ke cikin harkar ko da bai san komai game da kwamfuta ba.

Wa ke riƙe da layin farko?

Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, shi ne ke karɓar kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a intanet a duniya, kuma biliyoyin tambayoyi ke shiga cikinsa a kullum. Tsarin da yake bi wajen jera sakamako yana duba abubuwa masu yawa: ma'anar tambayar, ingancin bayanin da ke shafin, saurin buɗewarsa a wayar hannu, da yawan shafuka masu mutunci da suka sanya mahaɗin da ke kai mutum gare shi. Kamfanin yana yi wa wannan tsari dubban gyare-gyare a shekara, kuma sau da dama a cikin shekarar yakan yi babban sauyin da ke ɗaga wasu shafuka ya sauke wasu. Bayan haka, sakamakon ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ya nemi wurin gyaran mota yana Kano ba zai ga abin da na Maraɗi zai gani ba, kuma harshen da aka yi tambayar da shi da irin na'urar da aka riƙe duk suna sauya jerin.

Idan haka lamarin yake, to matsayi na farko ba kaya ba ne da ke ajiye a shagon wani. Hukunci ne da na'urorin wani kamfani ke yankewa a duk lokacin da aka yi tambaya, a cikin gasar da sauran masu irin sana'arka su ma ba barci suke yi ba. Google da kansa ya rubuta a jagorar da ya tanada wa masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, ya kuma gargaɗi mutane game da masu cewa suna da wata alaƙa ta musamman da shi, ko masu aiko da saƙon talla ba tare da an neme su ba. Ma'aikatansa sun bayyana cewa aikin gaskiya kan ɗauki tsakanin wata 4 zuwa shekara guda kafin a fara ganin amfaninsa. Saboda haka alƙawarin kwana 30 ba nuna ƙwarewa ba ne, alama ce ta ɗayan biyu: ko mai maganar bai san aikin ba, ko ya sani yana ɓoye maka hanyar da zai bi.

Yadda ake cika alƙawarin ƙarya

Wani zai ce ai ya san wanda aka yi wa alƙawarin kuma aka cika masa, har ya ga shafinsa a sama da idonsa. Wannan gaskiya ne, kuma a nan wayon yake. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi kalmomin da babu mai nemansu. Idan aka ɗora shafin mai shago a kan cikakken sunan shagonsa haɗe da sunan unguwarsa da layinsa, dole ya fito na farko, domin babu wanda ke takara da shi a kan wannan jimla, kuma babu baƙon mai saye da zai taɓa rubuta ta. Hanya ta biyu ita ce a ɗebi wani abu daga kuɗin da ka biya a sayi tallar Google, shafinka ya bayyana a saman jerin da 'yar alamar da ke nuna talla ce, a ɗauki hotonsa a turo maka a matsayin shaidar nasara. Ranar da kuɗin tallar ya ƙare, ranar shafin zai ɓace. Hanya ta uku ita ce a turo manhajojin da ke kwaikwayon mutane su riƙa shiga shafin, rahoton wata ya nuna dubban maziyarta, alhali wayar shagon ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma sayar da abin da ya riga ya mutu. Har yau ana karɓar kuɗi da sunan za a shigar da shafi cikin ɗaruruwan manhajojin bincike, alhali waɗanda mutane ke amfani da su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma su da kansu suke gano shafuka kyauta. Ana karɓar kuɗi don cusa kalmomi a wani ɓoyayyen sashe na shafin da Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya dubawa wajen jera sakamako. Ana kuma nuna wa mai shafi wani maki da ake kira Domain Authority a ce ya tashi daga 10 zuwa 40, ba tare da an gaya masa cewa wani kamfani mai zaman kansa mai suna Moz ne ya ƙirƙiri makin ba, kuma Google ba ya aiki da shi. Duk waɗannan dabaru abu ɗaya ya haɗa su: suna samar da lambar da za a nuna maka, ba mai sayen da zai kawo maka kuɗi ba.

Darasin manyan kamfanoni

Hanya mafi haɗari ita ce wadda takan yi aiki na ɗan lokaci, wato sayen dubban mahaɗai daga shafukan banza domin a yaudari na'urar ta ɗauka shafinka ya shahara. Abin da ya faru da J.C. Penney, babban kamfanin kantuna a Amurka, ya isa misali. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin ya shafe watanni yana zaune a layin farko a kan kalmomi irin su rigunan mata da kayan shimfiɗa da dardumomi, saboda an baza dubban mahaɗai zuwa shafinsa a wuraren da ba su da wata alaƙa da tufafi, har da shafin caca da na dillancin gidaje a Bulgariya. Da Google ya ɗauki mataki, a kan wata kalma da ta shafi jakar tafiya kamfanin ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 cikin sa'o'i biyu. Ya ce bai san an yi hakan da sunansa ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin, amma shi ne ya sha hukuncin na kimanin wata uku. Kafin wannan, a 2006, an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga Google na 'yan kwanaki saboda yana nuna wa na'ura wani shafi daban da wanda yake nuna wa mutane.

Mai son kare wannan hanya zai ce ai duk sun farfaɗo, kuma ribar da suka kwasa kafin a kama su ta fi asarar. To amma su waye suka farfaɗo? Kamfanoni ne masu lauyoyi da injiniyoyi da sunan da ko Google ba zai so ya rasa a jerinsa ba, domin mutane za su neme su da suna. Mai ƙaramin otal ko asibitin unguwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun daga sauyin da aka yi wa laƙabi da Penguin a 2012, tsarin Google ya ƙware wajen gane mahaɗan da aka saya, ko ya yi watsi da su, kuɗinka ya tafi a banza, ko ya hukunta shafin. A watan Maris na 2024 kuma kamfanin ya tsaurara dokokinsa a kan masu cika shafi da ɗaruruwan rubuce-rubuce marasa amfani, ko da mutum aka rubuta su ko da ƙirƙirarriyar basira. A duk waɗannan, wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗinsa ya wuce gaba, mai shafin ne ke zama da sunan da aka ɓata da kuɗin gyaran da sau da yawa ya fi na farkon.

Masu shiga rigar Google

Wani rukunin ba ya ma tsayawa yin aikin, tsoratarwa ce jarinsa. A 2018 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya a Amurka, FTC, ta gurfanar da wani kamfani na jihar Florida mai suna Pointbreak Media bisa zargin kiran ƙananan 'yan kasuwa ta waya yana nuna musu cewa yana da alaƙa da Google, yana barazanar cewa za a nuna kasuwancinsu a matsayin wanda ya rufe har abada idan ba su biya tsakanin dala 300 zuwa 700 ba. Abin da ake karɓar wa kuɗin, wato rajistar wurin sana'a domin ya bayyana a taswirar Google da adireshinsa da lambar wayarsa da lokutan buɗewa, kyauta ne, kuma kowa na iya yi wa kansa da wayarsa. Wannan salo ya bazu duniya, kuma babu abin da ya keɓe ɗan kasuwar Kano ko Yamai daga gare shi, domin duk wanda ya sanya lambarsa a intanet ya shiga jerin waɗanda za a iya kira.

Yana da kyau a san cewa Google ba ya ba kowa takardar shaidar ƙwarewa a aikin SEO. Tambarin Google Partner da wasu ke maƙalawa a takardunsu ya shafi masu gudanar da tallar kuɗi ne kawai, ba ya ba mai shi wata ƙofa ta musamman a sakamakon bincike. Haka nan masu tayin sayar maka da ra'ayoyin yabo da taurari biyar-biyar daga mutanen da ba su taɓa shiga shagonka ba suna jefa ka cikin ha'inci ne kai ma. Google na share irin waɗannan idan ya gano, Amurka kuma ta kafa dokar hana cinikinsu a 2024. Ko babu doka, ɗan kasuwar da ya yarda a yaudari masu saye da sunansa ya zubar da amanar da ita ce ainihin jarinsa.

Hanzarin da ake kawowa

Masu biyan kuɗi suna da ƙorafi mai ƙarfi. Suna cewa idan ba za a ba su tabbaci ba, to me ya hana malalacin ma'aikaci ya fake da wannan ya ci kuɗinsu wata shida, sannan ya ce ai dama ba a hannunsa abin yake ba? Tambayar tana kan hanya, amma maganinta ba neman tabbacin matsayi ba ne, neman tabbacin aiki ne. Ƙwararre na gaskiya zai iya rubuta maka dalla-dalla abin da zai yi a kowane wata: shafuka nawa zai gyara, wane bayani zai rubuta game da hajarka, yadda zai rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe da sauri ko a inda sabis ke da rauni, da yadda zai daidaita adireshinka da lambarka a taswira. Waɗannan duk suna hannunsa, kuma za ka iya dubawa ka ga an yi ko ba a yi ba. Su ma masu sana'ar na gaskiya suna da nasu kukan, domin sau da yawa idan sun faɗi gaskiya cewa aikin na buƙatar watanni, sai mai kuɗin ya juya ya miƙa wa wanda ya ce sati biyu. Ke nan gaggawar masu biya tana cikin abin da ke ciyar da 'yan damfara, kuma matasan da suka koyi aikin da gaske su ne ke asarar kasuwa da mutunci.

Hanzari na biyu ya fi zurfi. Ana cewa me ya sa za a ɗauki gargaɗin Google kamar na mai adalci, alhali shi ma ɗan kasuwa ne da mafi yawan kuɗinsa daga talla ke fitowa, kuma a watan Agustan 2024 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukuncin cewa ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba? Babu laifi a yi wa kamfanin kallon tsanaki, kuma ba dole ne a gaskata duk abin da ya faɗa ba. Sai dai wannan hujja ƙarfafa maganarmu take yi. Idan har kamfanin yana da irin wannan iko, yana sauya dokokinsa yadda ya ga dama, har tun 2024 ya fara sanya amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako tana tura sauran shafuka ƙasa, to ta yaya wani da ke zaune da kwamfutarsa a Legas ko Indiya zai ba ka tabbacin abin da kamfanin zai yi gobe? Tuni ma aka fara sabon salon tallar, ana alƙawarin sanya sunan kasuwanci a cikin amsoshin ChatGPT da makamantansa. Ma'aunin bai sauya ba, domin nan ma hukuncin ba a hannun mai alƙawarin yake ba.

Abin da za a tambaya kafin a biya

Kariya ta farko ita ce mallaka. Sunan shafin, ko mai ƙarewa da .ng ne da hukumar NiRA ke kula da shi ko waninsa, dole a yi rajistarsa da sunan mai kasuwancin da imel ɗinsa, haka ma asusun kamfanin da ke ajiye shafin da asusun taswira. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a nan ake garkuwa da mutane: ranar da ka ce ka fasa aikin, sai ka tarar kalmar sirri na hannun wani, kuma sai ka biya kafin a sakar maka shafin da ka gina da kuɗinka. Ma'aikaci ana ba shi izinin shiga ne gwargwadon aikinsa, a janye idan an rabu. Kariya ta biyu ita ce gani da ido. Google yana da wata manhaja ta kyauta mai suna Search Console da ke nuna wa mai shafi kalmomin da aka neme shi da su, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka latsa, da ko an ɗauki wani mataki a kansa. Duk ma'aikacin da ya hana ka shiga wannan asusu, ya ce ka wadatu da rahoton da yake haɗawa da kansa, akwai abin da ba ya so ka gani.

Bayan haka sai tambayoyi. A nemi ya yi bayanin hanyar da zai bi da harshen da za a fahimta, domin wanda ya ce sirrin sana'a ne yana nufin ka ɗauki alhakin abin da ba ka sani ba. A nemi sunayen waɗanda ya taɓa yi wa aiki, a kira su a ji daga bakinsu. A duba ko kamfaninsa na da rajista da hukumar CAC, abin da ake iya bincikawa ta intanet. A lura ko ya tambaye ka su waye masu sayenka, me ka fi samun riba a kai, su waye abokan gasarka, domin wanda bai damu da sanin kasuwancinka ba ba zai iya tallata shi ba. A rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka kammala, a guji wadda za ta ɗaure mutum shekara guda babu ƙofar fita. Sannan a auna nasara da abin da ɗan kasuwa ya sani: kira nawa ya shigo, oda nawa aka yi, ɗaki nawa aka kama.

Wanda ya riga ya faɗa hannun irin waɗannan mutane kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya fara da sauya kalmomin sirrinsa da ƙwato asusunsa, ya adana saƙonni da shaidar biyan kuɗi, ya sanar da bankinsa da wuri. A Najeriya yana iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, idan kuma lamarin karɓar kuɗi ne ta hanyar yaudara, 'yan sanda da EFCC na da hurumi a kai. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu otal da na masu makarantu su ma suna da rawar takawa, ta hanyar faɗakar da mambobinsu da sanar da juna sunayen waɗanda suka yi aikin kirki da waɗanda suka ci amana. Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka tura ko kwabo, ka raba abin da ake maka alƙawari gida biyu: abin da ke hannun mai maganar, da abin da ke hannun Google. Ka biya kuɗin na farko idan ka ga an yi shi, kada ka taɓa biyan kuɗin na biyu.